Aron Tsawo

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai san mun tafi dogon hutu kaina daidai da na ƙawayena, muka dawo aji uku na ƙaramar sakandare ina kallon tsakiyar kawunansu daga sama. Siket ɗin makarantar da Mama ta sa tela ya yi wa rara don ya kai ni shekara biyu, ya tsaya a tsakiyar ƙwauri ya ce nan ne iyakarsa. Takalmi kuwa mun zaga rumfunan mata a kasuwar Lafia har Mama ta fara haki. Daga ƙarshe wani mai shago ya leƙo ya dubi ƙafata, ya ce, "Hajiya, ku gwada layin maza." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ban sake bi ta ƙofar shagonsa ba.

Kafin wannan tsawo ni ba mai noƙe-noƙe ba ce. A firamare ni ce mai ɗaga hannu tun malam bai gama tambaya ba, ni ce mai ba da waƙa in ana gaɗa a ƙofar gida, in an yi baƙi kuma ni ake kira in zo in yi karatu a gabansu. Kaka, mahaifiyar Baba, takan ce magana ta riga haƙori fitowa a bakina. Ina son kaina a lokacin, irin son nan na yaro wanda bai taɓa tsayawa ya nemi dalili ba.

A wurin taron safe na makaranta ana jera mu ne bisa tsawo, gajeru a gaba. Ranar da muka koma, malama ta yi ta nuna mini baya da bulalarta, ina matsawa, ina matsawa, har na wuce 'yan mata duka na tsaya daf da samarin da suka maimaita aji. A nan aka raɗa mini Falwaya, wato dogon turken wutar lantarki.

"Falwaya, an kawo wuta a unguwarku?"

Wanda ya fara faɗa na maka masa jakar littattafaina a ƙeya. Na yini ina yankan ciyawa a bayan aji, shi kuma ya zama gwarzo, sunan kuwa ya zauna daram kamar an yanka masa rago. Daga nan na gane fushina abinci ne a wurinsu, sai na canza dabara. Na koyi ranƙwafawa. In ina tafiya sai in cusa wuya cikin kafaɗa, in za a ɗauki hoto in lanƙwasa gwiwa a cikin siket. Hannu ma na daina ɗagawa a aji, domin wanda ya ɗaga hannu dole ya miƙe, ni kuwa miƙewata ba ta ƙarewa da wuri, kuma ajin duka sai ya juyo ya jira ya ga inda zan tsaya. Sau da yawa amsar tana bakina, ina ji wani yana kwaɓa ta, na yi shiru.

Gida ma ban tsira ba. Matan da ke shigowa wurin Mama, kafin su amsa gaisuwata sai sun ɗaga kai sun ce, "Ikon Allah! Wannan 'yar taku ina za ta?" Wata gwaggonmu kuwa ba ta taɓa ganina ba ta ce "dogo da hankali dace ne" ba, ta yi dariya, wai wasa take. Mama takan ce dangin Baba na biyo. Shi Baba murna ma yake yi, yana cewa ya samu sojan gida. Ba wanda ya nufe ni da sharri, ba kuma wanda ya san cewa kowace safiya nakan jingina da bangon kicin in ja layi da gawayi a saitin kaina, in ga na yau ya hau kan na makon jiya, in ji kamar in haɗiyi zuciya. Abu ɗaya nake roƙo a duniya: in tsaya haka nan, kada in ƙara ko ɗan yatsa.

Ana nan wata rana da bazara, ɗan maƙwabciyarmu mai rarrafe yana kwance a tabarma, ƙanena ya zo da gudu ya tsallake shi. Kaka ta daka masa tsawa.

"Kai, komo! Maza tsallako baya! So kake ya tsaya a haka kamar turmi?"

Na ji wannan faɗa ya fi a ƙirga. Kowa a unguwarmu ya tashi da sanin cewa in aka tsallake yaro yana kwance ba zai yi tsawo ba, sai wanda ya tsallake ya komo ta kansa ya warware. Amma ranar ce maganar ta shiga kunnena a matsayin magani. Ashe abin da nake nema yana cikin gidanmu, kyauta, ni ce ban lura ba.

Da autarmu na fara, yarinya 'yar shekara shida mai son mangwaro. Muka yi ciniki, muka zagaya bayan ɗaki, na kwanta a ƙasa, ta yi ta tsallake ni, ta zagayo, ta sake tsallakewa. Daɗin wasan ya kwashe ta har ta fara waƙa, waƙar ce kuma ta jawo mana Kaka. Tsohuwa ta tsaya da sandarta tana salati.

"Sau nawa kika tsallake ta?"

Auta ta ce, "Da yawa."

Kaka ta ja kujera ta zauna, ta sa ni na sake kwanciya, ta sa auta ta yi ta tsallakowa baya har yarinya ta fara kuka. Da ta tsaya, Kaka ta ce ta ƙara, don kada a bar saura. Ina kwance ina lissafi a zuci, na ga in dai abin da gaske ne, to da wannan ƙarin na Kaka riba ma tsawon ya ci. Ita Kaka ta ɗauka wasan banza ne na yara. Ko a mafarki ba ta kawo cewa mutum zai nemi a tsallake shi da gangan ba.

Sai na yanke shawara cewa ƙafar babba nake bukata, kuma ta hanyar da ba za a gane ba. Akwai wani ɗan lungu tsakanin kicin da ɗakin Yaya, wanda mutum biyu ba sa wucewa a jere. Zafin bazarar Lafia kuwa ya ba kowa hujjar kwanciya a duk inda ya samu inuwa. Ina dawowa daga makaranta sai in shimfiɗa tabarma a gicciye, in rufe ido. Abin haushi, mutanen gidanmu suna da tarbiyya. Mama ta tashe ni ta ce in matsa. Yaya ya taɓa ni da ƙafa ya ce in koma ɗaki. Ƙanena, da ya sha faɗan Kaka, ya gwammace ya zagaya ta bayan gida. Akuya ce kaɗai ta tsallake ni, ni kuma ban san hukuncin akuya ba.

A nan matar Yaya ta shigo cikin maganar. Anti muke ce mata. Shekara guda ke nan da aka kawo ta daga wani ƙauye a wajen Ashige, gajeriya ce ta gaske, mai faɗin fuska da dariyar da ake ji daga titi. Hausa ba ita ce yarensu na gida ba, don haka mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, kamar yawancin mutanen kasuwarmu. Ni kuma Maigida take ce mini, domin a wajensu duk wanda ya fito daga gidan miji, ko mace ce, miji ne. Gaskiya a lokacin ba na sonta sosai. Komai dariya take yi masa, ni kuwa na kai matsayin da duk dariyar da na ji a duniya nake ɗauka da ni ake.

Ta taho da bahon wanki a ka, ta tsaya a kaina. Na ƙara runtse ido, ina addu'a ta ɗaga ƙafa.

"Maigida, barcin ƙarya ne kake yi. Idonka yana rawa."

Na ƙara matse idon.

"Kullum kai ne a hanyana. Ɗaki bai ishe ka ba ne?"

Haushi ya kwashe ni, na buɗe ido na ce, "Ke dai ki tsallake ki wuce mana! Mene ne a ciki?"

Ta dube ni, ta dubi tabarmar da yadda na gicciya ta, sai na ga abin ya faɗo mata. Ta sauke bahon da ƙyar, ta zauna daɓas a ƙasa ta kama dariya har da riƙe ciki. Na tashi zaune ina huci, ina neman baƙar maganar da zan yaɓa mata, amma maimakon magana sai kuka ya zo. Kuka mai yawa, na wata da watanni. Ta tsaya cak. Ba ta rarrashe ni ba, ta bari na yi mai isata, sannan ta matso ta buɗe baki ta nuna mini haƙorinta na gaba, wanda gefensa ya ɓalle.

"Ka ga wannan? Lokacin ina kamar kai, kullum sai na je gonan babana na kama reshen kashu na yi lilo, ƙanena yana jan ƙafana ƙasa, wai in yi tsawo. Ranan nan reshe ya karye. Tsawo bai zo ba, haƙori ya tafi." Ta girgiza kai. "Ni na nema ban samu ba, kai ka samu kana neman mai kashe shi. Wannan duniya sef."

Ban yi niyya ba, amma dariya ta kuɓuce mini cikin majina. Na ce, "To za ki tsallake ni?"

"Zan tsallake ka. Ƙafana ma yana da nauyi, sau ɗaya ya isa. Amma ba yau ba, sai sabon doya ya fito. Kafin nan ka ba ni aron tsawon, in ɗan mora kafin mu kashe shi. Ka yarda?"

Na yarda. Sabuwar doya sai tsakiyar damina, amma alkawarin babba ya fi tsallen auta.

Anti ba ta yi wasa da aronta ba. Washegari ta sa na ɗaga mata igiyar shanya, wadda tun zuwanta zannuwanta ke jan ƙasa a kai. Mangwaron da ke leƙowa ta katangar maƙwabta, wanda yara suka gama jifa bai faɗo ba, ta nuna da baki na miƙa hannu na tsinko. 'Yar kujerar da take takawa ta sauko da tukwane daga kanta, ta kai ta tsakar gida ta ce ta yi ritaya. Ko'ina a gidan sai ka ji, "Maigida! Kawo tsawona!"

Kasuwa ce na fi tsoro, ita ce kuma ta fi so. Ranar da kasuwar ta cika, sai ta riƙe gefen hijabina ta ce, "Duba mana, ina masu tumatir suka koma?" In ɗaga kai in hango, in ja mu. In mun fito, ni ke hango keken da babu kowa tun kafin sauran mata su gani. Wurin ciniki kuwa sai ta nuna ni ga mai kaya da ƙarfi.

"Oga, ka ga maigidana? Abeg rage kuɗi, in ba haka ba zai cire maka rufin rumfa."

Ranar farko kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na lura da wani abu: in ta tsokane ni sau ɗaya, ta tsokani kanta sau uku. Ta ce ita in ruwa ya sauko ita ce ta ƙarshen jiƙewa, in kuɗi ya faɗi ita ce ta farkon tsinta. Mutane su yi dariya, ita ta fi kowa yi, ta karɓi gyararta ta wuce. Ban taɓa ganin wanda ya zauna cikin jikinsa ya miƙe ƙafa kamar matar nan ba. A hankali na fara mayar mata. Wata rana ta ɓace mini a layin masu manja, da na gano ta na ce, "Anti, ki riƙa ɗaga hannu mana, na ɗauka buhun gari ne aka ajiye." Masu manja suka kwashe da dariya, ita har da tafi. Ranar na dawo gida ina jin yunwa irin wadda na daɗe ban ji ba.

Sai maganar turmi. Cikin kayan aurenta akwai wani babban turmin sakwara da mahaifiyarta ta ba ta, da taɓarya mai nauyin gaske. Tun da aka kawo shi yake kife a bayan ƙofa, domin in za ta daka a ciki sai ta taka bulo. Wata Asabar ta dafa doya, ta mirgino shi tsakar gida, ta miƙo mini taɓaryar. Na kama a yadda na saba tsayuwa, wuya a cikin kafaɗa, baya a lanƙwashe. Taɓarya ta riƙa dukan bakin turmi, doya tana tsalle waje, kafin a jima bayana ya riƙe.

"A'a, a'a. Taɓarya ba ya son ɓoye-ɓoye. Miƙe! Buɗe ƙafa. Ɗaga shi har inda hannunka ya ƙare."

Na duba, ba kowa a tsakar gidan sai kaji. Na miƙe. Na ji ƙasusuwan bayana suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga taɓarya sama har iyakar hannuna, na sake ta. Ƙarar da ta yi daban ce, mai zurfi, har cikin tafin ƙafata na ji ta. Na sake, na sake. Anti ta tsuguna tana tsoma hannu a ruwa tana juya doyar tsakanin bugu da bugu, tana yi mini kirari da yarensu, wanda ban ji ko kalma ɗaya ba amma na san ba zagi ba ne. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Kaka ta leƙo ta taga ta ce wane ne zai rushe mata ɗaki. Sakwarar ta fito sumul, ba gudaji ko ɗaya, tana bin hannu. Da Baba ya ci da miyar agushi ya tambayi wanda ya daka, aka ce ni ce, sai ya ce a ƙaro masa. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Tun da tsawon nan ya zo, ranar ce ta farko da jikina ya yi wani abu na ji ina alfahari da shi.

Kada a ɗauka daga nan na warke. A gida ina miƙe, amma da na hango ƙofar makaranta wuyana yake komawa mazauninsa da kansa. Sai in yi mako guda ina jin kaina daidai, yaro ɗaya ya yi tambayar wuta, komai ya rushe. Malamar wasanni ta bi ni har aji tana so in shiga ƙwallon raga, na ce ƙafata ke ciwo. A ajin kimiyya an koya mana cewa tsawo gado ne da abinci, na rubuta a jarrabawa na ci, na kuma san a kaina cewa tsallake ba ya hana kowa girma. Amma sani a kai daban, abin da zuciya ta riƙe daban. Ranar da gwaggon nan ta sake zuwa ta ce, "Wannan sai dai a nemo mata miji da tsani," ban ko ci abinci ba, na wuce ɗakin Anti na ce, "Doyar nan ba ta fito ba har yanzu?"

"Bai nuna ba. Ka yi haƙuri."

A cikin watannin nan Anti ta canza, ni ce ban lura da wuri ba don hankalina yana kan kaina. Ta daina shiga kicin in ana suya, ta koma cin yalo da ɗata, in ta zauna kuma sai ta naɗe ƙafafu ta cusa su cikin zane, ko da zafi ake. A gidanmu ba a faɗin irin wannan abu da baki. Sai da zanenta ya fara ɗagewa ta gaba na gane Yaya ya kusa zama uba. Daga nan daka ya dawo hannuna gaba ɗaya, kasuwa ma wani lokaci ni kaɗai nake zuwa, in yi ciniki da bakina, in dawo da gyara.

Ran nan da hantsi, an kwana ana ruwa, sai ga ɗan acaba a ƙofar gida da buhu ɗaure a bayan mashin, laka har gwiwarsa. Mahaifiyar Anti ce ta aiko da sabuwar doya daga ƙauye, da ɗanyar ƙasa a jikinta. Watanni ina jiran ranar nan, da ta zo kuma sai na ji ba na son kallon buhun. Na daka sakwarar ranar ba tare da na yi wa kowa magana ba. Aka ci aka yi santi, har maƙwabta aka kai wa.

Bayan la'asar muna tsakar gida, Mama tana tsince shinkafa, Kaka tana jan carbi a kan kujerarta, sai Anti ta ce, "Maigida, alkawari kaya ne. Kawo tabarma."

Na ɗauko na shimfiɗa. Ban san abin da nake so ba. Rabina yana tuna layin taron safe, rabina yana tuna ƙarar taɓarya. Na durƙusa zan kwanta, sai ta riƙe ni.

"Tsaya. Saura aro ɗaya."

Ta zauna a kan tabarmar da ƙyar, ta dafa ƙasa ta baya, ta zaro ƙafafun nan da ta yi watanni tana ɓoyewa, ta miƙe su a gabana.

"Tsallaka."

Na tsaya ina kallonta. Kaka ta saki carbi.

"Ke, wane irin sakarci ne wannan? Ana tsallake mai juna biyu?"

"Kaka, Allah ɗaya gari bamban," in ji Anti. "A garinmu, in mutum ya tsallake ƙafan mai ciki, yaron zai ɗauko kamanninsa. Shi ya sa kuka ga ina ɓoye ƙafa. Ko ɗanku ban yarda ya tsallaka ba, kada a haifa mini mai kunne kamar faranti." Mama ta tuntsire da dariya har shinkafa ta zube. Anti ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ta dube ni, sai da ta karya wuya kafin ta ga fuskata. "Na duba gidan nan, na duba unguwa, na duba har kasuwa. Wannan nake so. Tsawon, da bakin, har da zafin kan, a haɗa mini duka."

Da ƙyar na ce, "Anti, in mace ce fa? Za su sa mata suna a makaranta. Ba ki san yadda abin yake ba."

"Na sani mana. Ni ma sun sa mini, nawa ya fi naka muni. Suna ba ya ƙarewa a bakin yara. Su sa. Ni dai in na kalli ɗana ina so in ga irin wanda ya tsaya a kan turmin nan." Ta buga cinyarta. "Oya, ƙafana ya fara tsami."

Mutane da yawa sun ce mini in yi haƙuri da tsawona, haka Allah ya yi ni. Wasu sun ce yana da amfani. Amma ba wanda ya taɓa cewa yana so, balle ya so wa ɗan da ke cikinsa, abin da ya fi ƙauna a duniya tun bai gan shi ba. Matar nan ta san tsallake zai yi aiki ko ba zai yi ba, oho, ban tambaye ta ba har yau. Abin da na sani shi ne ta yi watanni tana tsare ƙafafunta daga kowa, ta ajiye mini.

Na tattare siket, na yi bisimilla, na ɗaga ƙafa na tsallaka. Taku ɗaya ne, ko rabin takuna bai kai ba.

"Komo!" in ji Kaka. "Maza komo ki warware!"

Kafin ta rufe baki Anti ta janye ƙafafunta ta cusa cikin zane ta zauna a kai. "An gama, Kaka. Ba warwara." Kaka ta yi ta faɗa tana cewa yaran zamani za su kashe ta, amma ina ganin gefen bakinta yana motsi. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar gida, hawaye yana zuba, dariya tana fita, na kasa tsayar da ko ɗaya. Farin ciki ne, irin wanda ban taɓa sanin yana sa mutum kuka ba.

Anti ta miƙo hannu na ɗaga ta. Ta gyara ɗaurin zane, ta karkaɗe tabarmar, ta nuna mini ita.

"To Maigida, na mayar maka da kayanka. Kwanta in cika nawa alkawarin. Sau ɗaya ya isa."

Ta ɗaga 'yar ƙafarta tana gwadawa a iska. Na share fuska da bakin hijabi na dube ta daga sama.

"Wallahi Anti, ƙafar nan ta matso kusa da ni, sai na ɗauke ki na ɗora a kan katanga, ki jira Yaya ya dawo ya sauke ki."

Na naɗe tabarmar, na miƙe iya tsawona, na ɗora ta a kan rufin kicin, inda ba mai iya saukowa da ita a gidan sai ni.